Daren da aka lallasa Arizona 49 da 15, aka kuma dawo da shirin The X-Files bayan kusan shekara 14

A daren Lahadi 24 ga Janairun 2016, tashar talabijin ta Fox da ke Amurka ta jera abubuwa biyu a jadawalinta, ɗaya na bin ɗaya. Na farko shi ne wasan ƙarshe na rukunin NFC a gasar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, tsakanin ƙungiyar Carolina Panthers da ta Arizona Cardinals. Na biyu kuwa shi ne kashin farko na sabon zangon The X-Files, shirin nan mai dogon zango da aka daina nunawa tun shekarar 2002.

Jerin ba katari ba ne. Tashar ta tsara shi ne domin taron da wasan zai tara ya zarce kai tsaye zuwa kallon shirin, kamar yadda mai shago kan buɗe ƙofarsa daidai lokacin da kasuwa ta cika. Sai dai wasan da aka sa ran za a yi kare jini biri jini, tun a zubin farko aka san inda ya dosa, kuma Panthers ta tashi da maki 49, Cardinals na da 15. Abin da ya biyo baya a daren, da kuma makonnin da suka zo bayansa, ya bayyana iyakar abin da babban wasa zai iya yi wa tsohon shiri da ake son farfaɗowa.

Wace irin ƙwallo ce wannan?

Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya sha bamban da tamaula. Ƙwallon tasu doguwa ce mai tsini a kai biyu, kuma galibi da hannu ake jefa ta ko a runguma a ruga da ita. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a fili. Wanda ya kai ƙwallon makurar filin abokan hamayya ya ci maki 6, sannan a ba shi damar ƙara maki 1 da bugu ko maki 2 da wani yunƙurin. Bugun da ya ratsa tsakanin dogayen sanduna daga cikin fili kuma maki 3 ne. Lokacin wasa minti 60 ne da aka raba zubi huɗu, amma saboda yawan tsayawa yakan ci fiye da awa uku.

Babbar gasar ƙasar, wato NFL, na da ƙungiyoyi 32 da aka kasa rukuni biyu, AFC da NFC. Zakaran kowane rukuni shi ke zuwa wasan ƙarshe na ƙasa da ake kira Super Bowl. Saboda haka karawar Carolina da Arizona, a ma'aunin masu kallon tamaula, daidai take da wasan kusa da na ƙarshe, sai dai wanda ya ci yana ɗaga kofin rukuninsa.

A wannan wasa babu asarar da ta kai a ƙwace wa ƙungiya ƙwallo tana cikin kai hari, ko dai a cafe jifan da madugunta ya yi, ko ta suɓuce daga hannun ɗan wasa abokin hamayya ya dira a kanta. A nan ne Arizona ta gamu da ajalinta.

Yadda wasan ya karkata

Kafin a take wasa, ƙungiyoyin biyu sun yi kama da sa'o'in juna. Carolina, ƙarƙashin mai horarwa Ron Rivera, ta ci wasa 15 cikin 16 a kakar 2015, kuma ita ce ta fi kowa tara maki. Arizona ta Bruce Arians ta ci 13, tana biye da ita a yawan maki. Madugun Carolina, Cam Newton, matashi ne ɗan shekara 26 mai jifa da kuma gudu da ƙwallo, wanda daga baya aka zaɓa gwarzon gasar na wannan kaka. Na Arizona, Carson Palmer, ɗan shekara 36 ne da ya daɗe ana damawa da shi. Dukkansu sun taɓa lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, Palmer a 2002, Newton a 2010.

An fara wasan a birnin Charlotte na Jihar Karolina ta Arewa da misalin ƙarfe 6:40 na yamma agogon gabashin Amurka, wato 12:40 na dare agogon Najeriya da Nijar. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kafin a kammala zubin farko Carolina ta ci maki 17 babu ko ɗaya. Ted Ginn ya kutsa da gudu na yadi 22 ya kai ƙwallo makura, sannan Newton ya jefa wa Corey Brown wata da ya ruga da ita, jimillar tafiyar yadi 86. An tafi hutun rabin lokaci ana 24 da 7, aka kammala zubi na uku ana 34 da 7.

Sau bakwai aka ƙwace wa Arizona ƙwallo a wannan dare, shida daga ciki ta hannun Palmer: an cafe jifansa sau huɗu, ta kuma suɓuce masa sau biyu. Newton kuwa ya yi jifa na yadi 335, ya ci biyu da jifa, biyu da ƙafarsa. Lokacin da mai tsaron baya Luke Kuechly ya cafe wani jifan Palmer ya ruga da shi makura a zubin ƙarshe, sakamako ya kai 49 da 15. Har zuwa wannan rana babu ƙungiyar da ta taɓa cin maki 49 a wasan ƙarshe na rukunin NFC, kuma tarihin bai karye ba sai a Janairun 2025, lokacin da Philadelphia Eagles ta ci 55.

Ga magoya bayan Carolina dare ne na shagali. Ga tashar da ke haska wasan kuwa, irin wannan cin kaca ba abin so ba ne. Mai kallon da ba ruwansa da ko wace ƙungiya yakan zauna ne muddin bai san wanda zai yi nasara ba. Da zarar ya gane, sai ya sauya tasha ko ya nemi makwanci, musamman ganin washegari Litinin ce, ranar aiki. Alƙaluman ranar sun nuna haka. Wasan rukunin AFC da tashar CBS ta nuna da rana, wanda Denver Broncos ta sha da ƙyar a hannun New England Patriots da ci 20 da 18, ya samu masu kallo kimanin miliyan 53. Na Carolina da Arizona, duk da cewa da dare aka yi shi lokacin da jama'a suka fi zama gaban talabijin, ya tsaya a kan kimanin miliyan 46.

Shirin da aka yi kewarsa

The X-Files ya fara fitowa a tashar Fox ranar 10 ga Satumban 1993, kuma Chris Carter ne ya ƙirƙiro shi. Labarin wasu jami'ai biyu ne na hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, da aka ɗora wa bin diddigin al'amuran da suka gagari hankali. Fox Mulder, wanda David Duchovny ya fito a matsayinsa, ya yi imani da cewa akwai baƙin halittu daga wata duniya, kuma gwamnati na ɓoye gaskiyar lamarin. Abin da ya dasa masa wannan aƙida shi ne ɓacewar ƙanwarsa tun suna yara. Dana Scully, wadda Gillian Anderson ta fito a matsayinta, likita ce da ba ta yarda da komai sai da hujjar kimiyya, kuma tun farko an haɗa ta da Mulder ne domin ta riƙa ƙaryata bincikensa.

Wannan ja-in-ja tsakanin mai saurin gaskatawa da mai neman hujja, tare da amanar da ta ƙullu a tsakaninsu sannu a hankali, shi ne ƙashin bayan shirin. An yi zango tara, kashi 202, aka rufe a watan Mayun 2002. An kuma yi finafinan silima biyu a kansa, a 1998 da 2008.

Tarihin shirin da na ƙwallon zari-ruga a tashar Fox sun daɗe da cuɗanya. A shekarar da aka fara shirin, Fox ƙaramar tasha ce da ke neman gurbi a tsakanin manyan tashoshi uku na ƙasar, ABC da CBS da NBC. A watan Disamban 1993 ta ba kowa mamaki da ta sayi izinin nuna wasannin rukunin NFC a kan Dala biliyan 1.58 na shekara huɗu, ta raba CBS da abin da ta daɗe tana riƙe da shi. Ƙwallon ta jawo wa tashar jama'a, shirye-shirye irin su The X-Files kuma suka riƙe su. A 1996 aka mayar da shirin daga daren Juma'a zuwa daren Lahadi, ranar da ake buga wasanni. Da Fox ta nuna Super Bowl karon farko a Janairun 1997, The X-Files ta saka a bayansa, kuma wannan kashi ya samu masu kallo kimanin miliyan 29, adadin da shirin bai taɓa samu ba kafin nan ko bayan nan.

Ke nan abin da tashar ta yi a 2016 tsohuwar dabara ce ta sake ɗaukowa.

Me ya sa tashoshi ke tono tsofaffin shirye-shirye?

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A tsakiyar shekarun 2010 manyan tashoshin Amurka sun shiga tsaka mai wuya. Manhajojin kallo ta intanet irin su Netflix sun fara janye jama'a, na'urorin naɗar shiri sun ba mutane damar kallo lokacin da suka ga dama tare da tsallake tallace-tallace, kuma yawancin sababbin shirye-shirye kan mutu a zangonsu na farko.

A irin wannan yanayi tsohon suna na da daraja ta fuska uku. Na farko, ba sai an kashe maƙudan kuɗi wajen gabatar da shi ga jama'a ba, domin da jin kiɗan buɗe shirin kowa ya san abin da ke tafe. Na biyu, yana da masoya iri biyu, waɗanda suka kalle shi a zamaninsa da matasan da suka tarar da shi a intanet. Na uku, idan kamfanin da ya mallaki tashar shi ne kuma ya mallaki shirin, kamar yadda lamarin yake ga The X-Files a lokacin, sabon zango kan ɗaga farashin tsofaffin kashe-kashen da ake sayar wa manhajoji da tashoshin ƙasashen waje.

Akwai kuma dabarar taƙaitawa. Maimakon kashi ashirin da wani abu da aka saba yi a shekara, sai a yi kaɗan, yadda jaruman da suka riga suka shiga wasu ayyuka za su iya ba da lokacinsu. Lokacin da Fox ta sanar da dawowar The X-Files a watan Maris na 2015, kashi shida kacal ta yi alƙawari. An koma birnin Vancouver na Kanada, inda aka ɗauki zanguna biyar na farko. Ko a nan sai da aka kai ruwa rana, domin Gillian Anderson ta bayyana cewa da farko rabin kuɗin da aka ware wa Duchovny aka yi mata tayi, kafin daga bisani a daidaita su.

Ita kuwa ƙwallo, ita ce kusan abu ɗaya da ya rage wanda miliyoyin mutane ke kallo kai tsaye a lokaci guda, saboda wasan da aka riga aka san sakamakonsa ba ya da armashin kallo. Don haka duk shirin da aka saka a bayan babban wasa yakan ci albarkacinsa, kamar yadda ƙadangare kan sha ruwan kasko albarkacin kaza. Misalin da aka fi ambata shi ne na shirin barkwanci na Friends, wanda ya samu masu kallo kusan miliyan 53 a 1996 da NBC ta nuna shi bayan Super Bowl.

Abin da alƙaluma suka nuna

An tsara fara The X-Files da ƙarfe 10:00 na dare agogon gabashin Amurka, amma bikin miƙa kofi da sharhin bayan wasa suka ja lokaci, shirin bai fara ba sai da aka wuce da kimanin minti ashirin. Masoyan da ba ƙwallo ce ta kawo su ba sun yi ta ƙorafi a shafukan sada zumunta, waɗanda suka saita na'urar naɗa kuma wasu ba su samu ƙarshen kashin ba.

Duk da haka, mutum miliyan 16.2 ne suka kalli kashin a daren. Da aka haɗa da waɗanda suka kalla cikin kwana uku, adadin ya haura miliyan 20. Wannan adadi ya zarce abin da shirin ke samu a zangonsa na ƙarshe na 2002 nesa ba kusa ba. Amma idan aka auna shi da taron wasan, za a ga cewa kusan mutum biyu cikin uku sun tashi.

Washegari Litinin aka nuna kashi na biyu ba tare da ƙwallo a gabansa ba, sai masu kallo suka sauko zuwa miliyan 9.7. Kashi na shida, wanda ya rufe zangon a ranar 22 ga Fabrairu, ya samu kimanin miliyan 7.6. A ma'aunin 2016 wannan nasara ce, domin shirye-shirye kaɗan ne ke kaiwa haka. Sai dai masu sharhi sun rabu. Da yawa sun soki kashin farko da cewa surutu ya yi masa yawa, kuma ya rikita tsohon labarin baƙin halittu da wata sabuwar maƙarƙashiya. Kashi na uku da Darin Morgan ya rubuta, mai cike da raha, shi ne ya fi shan yabo.

Tashar ta ƙara wani zango mai kashi 10 a Janairun 2018, wannan karo babu wasan da aka jingina shi da shi. Ya buɗe da masu kallo miliyan 5 da ɗoriya, aka rufe shi a watan Maris, Anderson kuma ta ce ta gama da matsayin Scully.

Darasin da shirin 24 ya bayar

Hanya mafi sauƙi ta gane rawar da wasa ke takawa ita ce a kwatanta da wani shirin na Fox da shi ma aka farfaɗo da shi, wato 24, wanda jaruminsa Jack Bauer sananne ne har a wajen masu kallon faifai a Najeriya. An nuna shirin daga 2001 zuwa 2010, Kiefer Sutherland na jagoranta.

A ranar 2 ga Fabrairun 2014, Fox ta yi amfani da Super Bowl wajen tallata dawowarsa. Wannan wasa ma cin kaca aka yi, inda Seattle Seahawks ta doke Denver Broncos da ci 43 da 8. Daƙiƙa 12 da fara wasa aka tura wa madugun Denver, Peyton Manning, ƙwallo ta wuce ta kansa, Seattle ta samu maki 2, aka tafi hutu ana 22 da nema. Amma fiye da mutum miliyan 111 suka kalla, adadin da ya kafa tarihi a lokacin, saboda Super Bowl biki ne na ƙasa da ake taruwa dominsa, ana kallon mawaƙa da tallace-tallace ko da wasan ya mutu. A wannan shekara ana sayar da tallar daƙiƙa 30 a kan kimanin Dala miliyan 4. Sabon zangon, mai suna 24: Live Another Day, ya fito a watan Mayu da kashi 12, labarinsa a birnin Landan, Sutherland na nan a matsayinsa, kuma ya samu karɓuwa wajen masoya da masu sharhi.

Bayan shekara uku aka sake gwadawa ta wata fuskar. A ranar 5 ga Fabrairun 2017 Fox ta saka 24: Legacy kai tsaye bayan Super Bowl, da sabon jarumi Corey Hawkins, babu Jack Bauer. Wasan da ya gabace shi na daga cikin mafi jan hankali a tarihin gasar, domin New England ta farfaɗo daga 28 da 3 ta doke Atlanta Falcons da ci 34 da 28 bayan ƙarin lokaci. Shirin ya samu masu kallo fiye da miliyan 17 a daren, washegari suka koma kimanin miliyan 6, kuma bayan kashi 12 tashar ta soke shi.

Idan aka jera waɗannan misalai, abu ɗaya ke fitowa fili. Zafin wasa ko sanyinsa na iya ƙara ko rage taron dare ɗaya, amma ba shi ke yanke hukuncin makomar shiri ba. Wasa mai armashi bai ceci 24: Legacy ba, wasan da aka yi wa Arizona kaca-kaca kuma bai hana The X-Files tara jama'a ba. Abin da masu kallo suka dawo nema shi ne fuskokin da suka shaƙu da su. Shi kansa The X-Files ya taɓa ɗanɗana wannan, domin lokacin da Duchovny ya janye jiki a zanguna na takwas da na tara aka kawo sababbin jami'ai, masu kallo sun yi ta raguwa har aka rufe shirin. To amma raguwar da aka gani daga miliyan 16 a 2016 zuwa miliyan 5 a 2018 ta nuna cewa ita ma kewa tana da wa'adi. Tana iya kawo mutum sau ɗaya ko sau biyu, daga nan kuma sai labarin ya riƙe shi da kansa.

Inda kowa ya kwana

Murnar Carolina ba ta yi nisa ba. Mako biyu bayan lallasa Arizona, a ranar 7 ga Fabrairun 2016, ta haɗu da Denver a Super Bowl karo na 50, ta sha kashi da ci 24 da 10. Ƙungiyar da ta ƙwace ƙwallo sau bakwai a Charlotte, ita aka ƙwace wa sau huɗu a wannan rana, kuma Peyton Manning, wanda Seattle ta kunyata shekara biyu kafin nan, ya ɗaga kofi ya yi ritaya. Carson Palmer ya ajiye wasa bayan kakar 2017 ba tare da ya taɓa zuwa Super Bowl ba.

Shi kuwa The X-Files ya sauya uban gida a 2019, lokacin da kamfanin Disney ya sayi sashen shirya finafinai da shirye-shiryen talabijin na Fox, tashar kuma ta ci gaba da zamanta daban tare da wasanninta na ƙwallo. A 2023 Chris Carter ya bayyana cewa Ryan Coogler, daraktan fim ɗin Black Panther, na shirin sake gina labarin da sababbin fuskoki. Duk wanda ya ɗauki wannan aiki zai tarar da darasin 24: Legacy na jiran sa, kuma wannan karo kamfanin da ya mallaki shirin ba shi ne ke nuna wasan ƙarshe na rukunin NFC ba.